Likkafani ga Bishiyar Wak Ludin

Litinin, 7 ga Maris

Darwis ya samu aikin. Koriyar riga, hula, babur, da waya mai ɗaukar hoto. Ni kuma na samu "sai mun neme ka".

Tare muka je, a kwale-kwale ɗaya, ni ne ma na tuƙa. Kamfanin takarda ne ke neman ɗan ƙauye da zai riƙa zaga iyakar daji, tunda sun yi wa masu sayen takardarsu na ƙasashen waje alkawarin sun daina taɓa dajin Allah, sai akasiyar da aka shuka da hannu. An bi bishiyoyin bakin daji an shafa musu jan fenti. Nan gefe a yanka, can gefe haram. In aka kama gungumen daji ko ɗaya a ƙofar masana'anta, an sallami ɗan kwangila da duk mai ci a ƙarƙashinsa, wato rabin ƙauyenmu.

Matar ofis, Ibu Lastri, ta ce in kawo takardar gama sakandare. Na ce na sauke Alƙur'ani a hannun Malam Hamdan, in tana so in ja mata Baƙara a tsaye. Ta yi dariya. Dariya dai ina samunta a ko'ina, aiki ne ba a ba ni.

Darwis ɗan kawuna ne, sa'ana, tabarma ɗaya muka yi wa fitsari. Yaron da in ya ga tsutsa a kan shinkafa sai ya bar kwanon. Shi ne mai gadin daji yanzu. Ni gobe in koma bayan yayansa Bang Sopian da injin yanka a kafaɗa, mu ci gaba da kayar da akasiya.

Na san ayar hassada, ba sai an karanta mini ba.

Alhamis, 10 ga Maris

Na liƙa wa Darwis dakakken jatan lande a jikin salansar babur. Da inji ya yi zafi, karnukan ƙauye suka raka shi har gada. Salbiah mai kofi yake ɗauke da ita zuwa kasuwa. Ta toshe hanci da gyale, amma ba ta sauka ba.

Shekara nawa ina shan kofinta mai ɗaci ina yabawa. Ba ta taɓa cewa in kai ta ko'ina ba. To ina zan kai ta, a kan injin yanka?

Juma'a, 11 ga Maris

Liman ya matsa masa ya shigo sahun gaba. Darwis, wanda har yau Tabbat Yada ke kuɓuce masa.

Lahadi, 13 ga Maris

Yau na yi aikin da zan tuna har tsufa.

Na sassaƙa tafin damisa da tsohon silifa da ɓawon kwakwa. A daji ba ma kiran sunanta, Datuk muke cewa, kamar wani babban mutum. Na bi hanyar da Darwis zai riƙa bi kowace Litinin, wadda ke wucewa ta gindin sialang ɗin tsoho Wak Ludin, wato ƙatuwar bishiyar nan ta zuma, na daddanna sawun a taɓo har bakin rafi. Ya yi kyau ƙwarai. Da na juya na kalla ni kaina sai da gabana ya faɗi.

Na tsaya na ɗaga kai na dubi bishiyar. Saƙar zuma rataye a rassanta kamar an shanya tabarmi. Dangin Wak Ludin ke hawanta tun kakanni, kuma ƙa'idar ɗaya ce: ba a taɓa sialang, ba a taɓa bishiyoyin da ke kewaye da ita. Tun kafin a san jan fenti haka abin yake.

Gobe ina so in ga koriyar riga ta shigo ƙauye da gudu babu hula.

Laraba, 16 ga Maris

Bai gudu ba.

Wato ya gudu, shi da bakinsa ya gaya wa uwata, Mak, amma sai da ya tsaya ya ɗauki hoto, ya aika ofis. Yau mota ta zo da Ibu Lastri da wasu maza biyu masu dogayen takalma. Wai an daɗe ba a ga alamar Datuk a wannan yankin ba, wai wannan shaida ce dajin na raye. Ta riƙe hannun Darwis a gaban shagon Salbiah aka ɗauke su hoto. Ta ce, "Ka ga amfanin ɗaukar ɗan gari mai ido."

Mai ido. Ina zaune a kan benci da kofi a hannu, ni da na yi sawun.

Sun ɗaɗɗaure ƙananan kyamarori a jikin bishiyoyi, masu ɗauka da kansu in abu ya gifta. Sun kuma ce kada Darwis ya sake bin hanyar shi kaɗai sai an turo masa abokin tafiya a ƙarshen wata.

Salbiah ta ƙara masa madara ba tare da ya tambaya ba. Na gani.

Asabar, 19 ga Maris

Na koma na ƙara sawu, har da na ɗan jariri a gefe. Tunda yabo suke so su yi, su yi mai dalili. Na ga kyamara biyu na zagaye su ta baya.

A wurin aiki fuska ba daɗi. Akasiyar wannan fegin ta lalace, ciki duk rami, ba nauyi. Pak Marlis ɗan kwangila ya zo ya tsaya a kan gungume yana yi wa Bang Sopian faɗa a gabanmu kamar yaronsa na gida. Bang Sopian sai murza hularsa yake yi. Matarsa ta kusa haihuwa.

Talata, 22 ga Maris

Da safe Bang Sopian ya ce in tafi fegin yamma in yi ta ɓare ɓawo ni kaɗai.

Na ce, "Bang, laifin me na yi?"

Ya ce, "Bakinka ba shi da murfi, Jali. Tafi."

Har a aikin ɓarna ma ba a zaɓe ni ba.

Don ɓarna ce. Daga inda nake ina jin injuna, kuma ba daga wajen akasiya ƙarar ke zuwa ba. Akasiya in ta faɗi kamar an yar da tsintsiya ne. Waɗannan in sun faɗi sai ƙasa ta amsa a tafin ƙafata. Da yamma na leƙa jirgin dakon da ke kan magudana: akasiya shimfiɗe a sama fes, a ƙasa kuwa jajayen gumagumai masu kauri, irin waɗanda mutum biyu ba sa rungumewa.

Wani cikin yaran ya ce mini a hankali, "Datuk na yi mana gadi. Mai koriyar riga ba zai leƙo ba sai ƙarshen wata." Yana dariya. Ban yi ba, kuma ban san dalili ba.

Na haɗu da Darwis a bakin masallaci da magariba yana goge babur. Ya ce, "Ya aiki?" Na ce lafiya lau. Shi ake biya ya gani. Ni ba a ɗauke ni ba.

Alhamis, 24 ga Maris

Yau ma fegin yamma. Yau ma ƙasa na amsawa.

Litinin, 28 ga Maris

Iska ta taso bayan azahar, irin wadda muka saba, ba wata babba ba. Ko kwanon rufin Mak bai ɗaga ba. Amma sialang ɗin Wak Ludin ta faɗi.

Ba wanda ya sa mata inji, wannan kam gaskiya ne, ba mai ƙarfin halin. Bishiyoyin da ke kewaye da ita ne suka sare daga gefen magudana. Ƙasar nan tamu kuwa laushi gare ta kamar soso, saiwa ba ta nitsewa, kama juna suke yi. Da iska ta samu ƙofa sai ta shigo kai tsaye.

Duk ƙauye muka je. Saiwar ta tashi sama ta fi rufin masallaci tsawo, baƙin ruwa ya cika ramin. Zuma ta fashe a kan ganye, ƙudan zuma na yawo sama ba su san inda za su sauka ba. Mutane suka tsaya nesa. Wak Ludin shi kaɗai ya shiga cikinsu, ba riga, da tsufansa, ya dafa jikin bishiyar kamar mai duba zazzaɓin yaro. Bai tambayi kowa wa ya yi ba. Kututturan sababbi ne, garin katako bai ko bushe ba, kuma kowa ya san injin wa ke aiki a nan.

Darwis na tsaye da waya a hannu bai ɗauki komai ba. Na so in ce masa, "Mai ido, ina idon?" Maganar ta zo har baki. Wani ƙudan ya harbe ni a wuya, sai na bar ta.

Laraba, 30 ga Maris

Ina wankin kwale-kwale da hantsi Darwis ya zo ya zauna a kan gungumen da ke bakin ruwa. Ya cire hula. Jiya ya kwaso abin da kyamarori suka ɗauka.

Ya ce, "Jali, ashe Datuk sigari yake sha."

Ya miƙo mini wayar. Ga ni nan tsugune, zani ɗaure a ƙugu, kara a baki, ina danna silifa a taɓo da iya ƙarfina. Akwai kyamara ta uku a sama, ban ɗaga kai ba. Na yi dariya har na zauna a ruwa. Shi ma ya ɗan yi, ta hanci.

Sai ya ce, "Matsa gaba."

Na matsa. Bang Sopian, fuskarsa tar, inji a hannu, jan fenti a jikin bishiyar da yake yankawa. Na gaba, shi ne. Na gaba ma.

Na miƙa masa wayar na ce ruwa na iya shiga irin waɗannan abubuwan, kogi ga shi nan kusa, hannu kuma yana santsi.

Ya ce, "Na yi tunanin haka tun jiya."

"To?"

"To gobe su kwashe na gabas. Akwai sialang biyu a can." Sannan ya ce, "Ka sani tun ranar?"

Na ce ni fegin yamma aka kai ni.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na ci gaba da kwarfar ruwa. Ya ce, "Da kai aka ɗauka, me za ka yi?" Kusan wata guda ina jiran wani ya yi mini wannan tambayar, in nuna yadda zan fi shi.  Na ce, "Kai ke da takardar sakandare."

Ya sa hularsa ya tafi. Ya manta bai tada babur ba, tura shi ya yi ta yi har kwana.

Juma'a, 1 ga Afrilu

Darwis ya aika hotunan ofis. Duka. Ya zo har ƙofar gida ya gaya mini: "Ban cire kowa ba, Jali. Har kai."

Ɗan kawuna. Ko hoton nan ɗaya bai iya rufa mini ba.

Talata, 5 ga Afrilu

An tsayar da jirgin a ƙofar masana'anta, an sauke akasiyar sama, an ga na ƙasa. An dakatar da Pak Marlis sai an gama bincike, ba wanda ya san yaushe. Injuna duk suna rataye. Maza na zaune a shagon Salbiah tun safe, kofi ɗaya har azahar.

Hotona kuma ya zaga ƙauye, wani direban kamfani ne ya kawo a wayarsa. Yanzu ba mai kirana Jali. Yara na bina suna gurnani. Tsofaffi in na wuce sai su ce, "A ba Datuk hanya." An saya mini kofi sau biyu yau don in nuna yadda na yi, na tsuguna a tsakar shago na nuna, har da karan sigari. Salbiah ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ƙara mini madara.

Ga madarar dai na samu. Zaƙi ya yi mata yawa.

Ina cikin nunawa Darwis ya shigo. Shago ya yi tsit kamar an shiga salla. Ya ce a ba shi kofi, Salbiah ta ce ruwan zafi ya ƙare, butar kuwa na tururi a bayanta. Ya ce to, ya fita.

Bang Sopian ya tare ni a hanya. Na ɗauka duka zan sha, tunda ba don sawuna ba da ba a kawo kyamara ba. Ya kalle ni kawai ya ce, "Kai wawa ne, an san da haka. Shi kuwa nono ɗaya muka sha."

Alhamis, 7 ga Afrilu

Wani ya ja layin jan fenti a ƙofar ɗakin Darwis. Kowa na cewa ni ne, har ana dafa mini kafaɗa. Mak ba ta tambaye ni ba, ta dai ajiye mini abinci ba ta kalle ni ba.

Ba ni ba ne. Ni abin da nake yi, wanda aka yi wa ma yana dariya daga baya.

Lahadi, 10 ga Afrilu

Dattawa sun zauna a barandar Wak Ludin. Hukuncin kamfani daban, na gari daban. Bang Sopian ya ce bai taɓa sialang ba. Wak Ludin ya ce, "Wanda ya cire wa tsoho sanda a kan gada, ba zai ce kogi ne ya kashe shi ba." 

Hukunci irin na da: sialang rai ce, in ta mutu a hannun mutum sai an yi mata likkafani, farin yadi daga gindi har ƙarshen reshe. A yanka ɓauna a ciyar da gari. Wanda ya yi laifin shi zai zuba wa kowa ruwan wanke hannu, da kansa, gaban kowa. Pak Marlis ya aiko da ɓauna don a bar sunansa ya huta. Yadin kuwa a wuyan Bang Sopian, matarsa ta cire 'yan kunnenta aka sayar.

Liman ya ce a yi sulhu tsakanin 'yan'uwa tunda an taru. Bang Sopian ya ce shi bai ga ɗan'uwansa a wurin ba. Darwis na zaune a matakala, kusa da takalma.

Abin da ke ba ni haushi, ko yanzu shi ake kallo. Ko tsanarsa ake yi, da gaske ake yi. Ni ko fushi ba a yi da ni.

Asabar, 16 ga Afrilu

Mata sun kwana biyu suna haɗa yadi. Da safe muka ɗauka a kafaɗa, layi guda, kamar masu rakiyar gawa, gawar ce dai ta riga mu isa. Aka fara daga saiwa. Bang Sopian ke jan bakin yadin, yana hawa yana sauka a kan rassa, gumi har cikin ido. Wak Ludin na biye yana rera waƙar da yake yi wa ƙuda in zai hau, wadda yake kiransu 'yan mata yana roƙon su ba shi hanya. Babu ƙuda ko ɗaya. Ya rera har ƙarshe.

Ban taɓa sanin tsawonta ba sai da na gan ta fara fat a kwance. Na zo da wata magana da na shirya tun jiya kan wa zai yi mata salla. Ban faɗa ba.

Aka dawo cin abinci a filin masallaci. Faranti-faranti a kan tabarmi, mutum huɗu kowane faranti, haka ake yi, ba a fara ci sai an cika. Yaran aikinmu suka kira ni, "Datuk, ga wuri, zo ka yi mana gurnani." Na nufe su.

Darwis na can ƙarshen tabarma, faranti cike a gabansa, shi kaɗai. Mutane na zuwa, su hango, su karkata, su matsu biyar-biyar a wani wurin. Shi kuma ba zai iya fara ci ba, ba zai iya tashi ba. Ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon shinkafa kamar za a tambaye shi hadda a cikinta.

Lissafi na yi, ba wani abu ba. A can mutum biyar, nama huɗu. A nan mutum ɗaya.

Na zauna na ce, "Matsa, kai ko zama ba ka iya ba."

Ya ce, "Za su daina saya maka kofi."

Na ce kofin Salbiah dama ɗaci gare shi.

Bayan kunnena ya yi zafi, na san ana kallo. Wani ya yi gurnani daga can, ba wanda ya taya shi.

Sai ga Bang Sopian da buta da kwano, yana bin faranti ɗaya bayan ɗaya, kai a ƙasa. Namu ne na ƙarshe. Na miƙa hannu ya zuba mini. Ya tsaya. Darwis bai motsa ba, sai da na taka masa ƙafa ta ƙarƙashin faranti sannan ya miƙa nasa, biyu, a buɗe. Na ɗauka Bang Sopian zai wuce. Wak Ludin na kallo daga inda yake zaune, kuma hukunci ya ce kowa.

Ya zuba. Ya daɗe yana zubawa, fiye da yadda ya zuba mini, har kwanon ya kusa cika. Bai kalle shi ba. Ya juya ya tafi da butarsa.

Mu biyu muka ci, ba a cika huɗu ba, na ce Malam Hamdan bai taɓa koya mana cewa haramun ne ba. Darwis loma kaɗan ya yi. Nama uku na ci, har da hanta.

Litinin Darwis zai zaga dajin gabas. Ta ruwa ake zuwa, shi kuwa in ya riƙe matuƙi kwale-kwale zagaye yake yi a wuri ɗaya. Na ce ya same ni a bakin kogi bayan asuba, ya zo da abincinsa, kada ya sa ran nawa. Dama ina so in duba ko kifi na kamuwa ta can.